Gida, Asibiti ko Gidan Kula da Tsofaffi: Ina Za a Yi Jinyar Dattijon da Halinsa Ya Sauya?

A Katsina da Daura da garuruwan da ke kewaye da su akwai gidaje masu yawa da ke fama da wata jinya wadda ba a cika faɗinta a waje ba. Dattijon da aka sani da kamun kai ya soma zagin 'ya'yansa, yana zargin matarsa da sace masa kuɗi, yana buɗe ƙofa da tsakar dare wai zai tafi gona. Dattijuwar da ta raini gida guda ta koma ƙin wanka, tana ɓoye tuwo a ƙarƙashin katifa, da almuru kuma ta ɗaure kayanta tana kuka a mai da ita gidansu, alhali a ɗakinta take. Idan abin ya kai ga hana mutanen gida barci, kan 'ya'ya yakan rabu: wannan ya ce a kai asibiti a kwantar, waccan ta ce Baba ba zai bar ɗakinsa ba, wanda ke aiki a Abuja ko Legas ya kawo zancen gidan kula da tsofaffi, wani kuma ya ce a nemo maganin barci a kemis. Ga masu irin wannan shawara aka yi wannan rubutu.

Galibin irin wannan sauyi daga cutar mantuwa yake fitowa, wadda mutanenmu ke kira gigin tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, sama da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki sosai, kuma nau'in da ake kira Alzheimer shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100. A wurinmu hawan jinin da ba a kula da shi ba da shanyewar ɓarin jiki suna ƙara yawan masu ita, domin suna lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba ganganci ba ne, kuma mafi yawan masu fama da ita sukan nuna faɗa ko zargi ko yawo ko gane-gane a wani lokaci na ciwon.

## Tambayar da ke gaban kowace shawara

Kafin a auna wannan wuri da wancan, a tsaya a amsa tambaya ɗaya: yaushe abin ya fara? Idan shekaranjiya lafiya lau yake, yau kuma ya kiɗime, ba ya iya bin magana, yana gyangyaɗi da rana yana fizge-fizge da dare, hankalinsa na zuwa yana tafiya, to wannan ruɗewar farat ɗaya ce, kuma kusan kullum akwai ciwon jiki a ƙarƙashinta. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu musamman da hunturu, ƙarancin ruwa a jiki a zafin Maris zuwa Mayu, faɗuwar suga ga mai shan magani wanda bai ci abinci ba, riƙewar fitsari ga tsofaffin maza, taurin bayan gida na kwanaki, da sabon maganin da aka fara sha, duk suna jawo ta. Haka nan tsohon da ya faɗi ya bugu a ka, jini na iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, ruɗewar ta bayyana bayan makonni, lokacin da kowa ya manta da faɗuwar. Mai irin wannan hali asibiti ake kai shi a ranar, kuma sau da yawa idan an magance sanadin, hankali yakan dawo. Wannan ƙa'ida ta shafi har wanda ya daɗe da cutar mantuwa: duk ranar da ya rikice fiye da yadda aka saba a cikin kwana ɗaya ko biyu, a nemi ciwon jiki kafin a ce tsufa ne.

Idan kuwa abin ya ɗauki watanni ko shekaru yana ƙaruwa sannu a hankali, babu gaggawar kwantarwa, amma ya zama dole likita ya duba shi a tsanake, domin ciwon damuwa mai tsanani da ƙarancin bitamin B12 suna iya kama da cutar mantuwa, kuma suna da magani. Bayan nan ne zaɓin wuri yake tasowa.

## Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne kuɗi, kuma a lissafa har da wanda ba a gani, wato sana'ar da wata ta ajiye da makarantar da wata jika ta daina zuwa saboda jinya. Na biyu ɗorewa: mai cutar Alzheimer yakan rayu shekara 4 zuwa 8 bayan an gano ta, wasu har 20, don haka tsarin da ba zai wuce wata uku ba bai isa a dogara da shi ba. Na uku sauƙi, wato nisa da samun gurbi da yadda dangi za su riƙa zuwa. Na huɗu haɗari, ga dattijon da kuma waɗanda ke tare da shi. Na biyar sabo da mutunci: mai cutar mantuwa da fuskokin da ya sani da ɗakin da ya saba yake gane inda yake, kuma sauya masa wuri kaɗai yana iya ƙara masa ruɗewa.

Akwai haɗari biyu da ke bin dattijo duk inda aka kai shi, kuma ina son a riƙe su a rai wajen duba kowane zaɓi. Na ɗaya shi ne ɗauri. Wanda aka ɗaure a gado ko aka kulle a ɗaki shi kaɗai yakan ƙara firgita, ya ji rauni wajen fizga, ya samu gyambon kwanciya, ƙafafunsa su mutu. Na biyu shi ne danne shi da magani. Diazepam da makamantansa suna sa tsoho jiri da faɗuwa, su ƙara masa ruɗewa, kuma karayar ƙugu ga mai shekara 80 ba ƙaramar masifa ba ce. Magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da risperidone kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2005, ta faɗaɗa shi a 2008, cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa. Suna da amfani idan faɗa ya kai ga barazanar rauni, amma likita ne zai rubuta, kaɗan, na ɗan lokaci, ana sake dubawa. Sayen su a kemis bisa shawarar maƙwabci wasa ne da rai.

## Zaɓi na farko: gida, a hannun dangi kaɗai

Wannan shi ne abin da kusan kowa ke yi, kuma ta fuskar sabo da mutunci babu kamarsa. Dattijo yana jin kiran salla daga masallacin da ya sani, yana cin tuwon da ya saba, 'yarsa ko matarsa ke yi masa tsarki. Alƙur'ani ya yi umarni da kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su a wurinmu, ya kuma ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani a da, saboda haka wannan jinya ba baƙuwa ba ce a addininmu.

Kuɗin da ake fitarwa a hannu shi ne mafi ƙanƙanta: magani, famfas na manya, sabulu, ledar katifa, da kuɗin mota zuwa asibiti. Inda wannan zaɓi yake da rauni shi ne ɗorewa. A gidaje da yawa, idan an ce dangi ne ke jinya, mace ɗaya ce ke yi, matarsa wadda ita ma ta manyanta, ko 'ya, ko matar ɗa mai goyo da girki. Ita ce ake zagi, ita ake zargi da sata, ita ba ta barci, kuma idan 'yan'uwa suka zo gaisuwa ranar Juma'a suka tarar da Baba ya natsu yana amsa gaisuwa, sai su ɗauka ƙari take yi. Wadda ta yi watanni ba ta samu barcin kirki ba za ta kai inda za ta daka tsawa, ko ta kulle ƙofa, ko ta ƙara ƙwaya a koko, ba don mugunta ba. Iyalin da suka zaɓi gida ba tare da raba kwana da raba kuɗi a fili ba, a ganina ba su gama yanke shawara ba tukuna.

Akwai wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya, wato zagayawa da tsohuwa gidajen 'ya'yanta, wata ɗaya a Ƙofar Ƙaura, wata ɗaya a Daura, wata ɗaya a Kano. Adalci ne a tsakanin 'ya'ya, amma ita duk sauyi sabuwar ruɗewa ce, domin kafin ta gane hanyar banɗaki an sake ɗauke ta. Abin da ya fi shi ne ta zauna wuri ɗaya, masu jinya su riƙa karɓa-karɓa.

Haɗarin gida ana iya rage shi da abubuwan da ba su da tsada. A rufe rijiya da murfi mai makulli, a kawar da kananzir da fiya-fiya da ashana da wuƙa, a kula da tukunyar gas, a bar fitila a hanyar banɗaki, a rataya ƙararrawa a ƙofar zaure. A ɗinka lambar waya a rigarsa, a kuma sanar da mai unguwa da maƙwabta da 'yan masallaci da masu shago halin da ake ciki, domin ɓoye ciwon shi ne ke sa in ya fita a rasa wanda zai tare shi. Idan ya ce an sace masa kuɗi, musu ba ya amfani. A taya shi nema, a san wuraren da yake ɓoyo. Idan ta ce a kai ta gidansu, kada a ce mata iyayenta sun rasu tun shekaru hamsin, domin za ta ji mutuwar sabuwa. A tambaye ta labarin gidan, a zagaya da ita tsakar gida har hankalinta ya koma wani abu. Tafiya kaɗan da safe, tsintar wake, ɓarar gyaɗa, jan carbi da sauraren karatu suna rage tashin hankalin almuru. Kuma kafin a ce faɗa yake ji, a duba ko haƙori ke ciwo, ko gwiwa, ko ƙishirwa, ko fitsari ya matse shi, domin wanda magana ta ƙwace masa da hannu yake faɗin ciwonsa. Game da azumi, malamai sun yi bayanin cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, don haka kada a bar shi ya yini ba ruwa a zafin bazara. Dukiyarsa kuma, gona ce ko gida ko fansho, a tsayar da wakili a gaban shaidu tun da wuri.

## Zaɓi na biyu: gida, tare da mai jinya na haya

Nan dattijo yana nan a ɗakinsa, amma an ɗauko wanda ake biya ya ɗauki wani ɓangare na nauyin, musamman dare ko wanka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne, kuma ya dace a ɗauke shi a matsayin ma'auni idan ana son mutum ya zauna, domin aikin da wuya. Nas ko ma'aikacin lafiya zai fi haka. Ga ciyarwa da wurin kwana. Inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, tana iya rage kuɗin gwaji da magani ga wanda ya yi rajista, amma ba ta biyan mai jinya a gida, saboda haka wannan karo-karon 'ya'ya ne, kuma a nan ne waɗanda ke nesa za su sauke nasu haƙƙin.

Wajen sauƙi, samun mai aikin gida ba wuya, samun wanda ya fahimci ciwon ne aiki. Makarantun koyon aikin lafiya na Daura da Kankiya suna yaye matasa masu ilmin kula da marar lafiya, kuma a cikinsu ana iya dacewa da wanda zai riƙa zuwa. Namiji ga namiji, mace ga mace, saboda tsarki da wanka. Dattawa da yawa faɗansu lokacin wanka kunya ce kawai. Yarinya 'yar aiki mai shekara goma sha biyu ba mai jinya ba ce, kuma ɗora mata wannan nauyi zalunci ne gare ta da tsohuwar baki ɗaya. Mutum ɗaya kuma ba zai yi dare da rana ba; in an tilasta shi, ko ya gudu ko ya koma ba da maganin barci.

Haɗarin yana da fuska biyu. Baƙo a ɗakin wanda ba ya iya kai ƙara na iya duka ko sata ko sakaci, don haka wani daga cikin dangi ya riƙa shiga ba sanarwa, ya duba jiki da baya da ɗuwawu, ya riƙe magunguna a hannunsa. A ɗaya ɓangaren, dattijon zai zargi mai jinyar da abin da bai yi ba, kuma iyalin da ke korar ma'aikaci duk lokacin da Baba ya ce an sace masa hula ba za su taɓa riƙe kowa ba. Idan an dace da mutumin kirki aka kuma kyautata masa, wannan tsari yakan yi shekaru, kuma shi ne na fi karkata gare shi ga mafi yawan gidaje.

## Zaɓi na uku: kwantarwa a babban asibiti

A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibitin Katsina da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi, a Daura kuma akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 80. Ga ruɗewar farat ɗaya, ko karaya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ƙin ci da sha, babu abin da zai maye gurbinsu: nan ake gwajin jini da fitsari da suga, a ɗauki hoton ƙirji ko na ƙwaƙwalwa, a yi ƙarin ruwa, a buɗe wa wanda fitsari ya riƙe hanya. A tafi da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da wanda aka sayo a kemis aka ɓoye wa sauran 'yan'uwa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Amma masu tunanin a kwantar da shi don mutanen gida su huta, su sake lissafi. A asibitocinmu dangi ne ke sayo magani, su ciyar, su yi wanka, su kwana a tabarma, ga kuɗin gado da gwaje-gwaje da abincin masu jinya kullum. Wato nauyin bai ragu ba, an dai ƙaurar da shi zuwa wuri mai tsada. Shi kuma dattijon, ɗakin da fitila ba ta mutuwa, ga kukan marasa lafiya, ga fuskokin da ke sauyawa da safe da yamma, ga allura a hannu da robar fitsari da bai san dalilinsu ba, duk suna tayar masa da hankali. Zai fizge robar ƙarin ruwa, ya sauko daga gado mai tsawo, daga nan a ɗaure hannu ko a yi allurar barci. Kwanaki kaɗan a kwance sun isa su raunana ƙafar tsoho, wanda ya shigo da ƙafarsa ya fita a keken guragu. Sashe na musamman don tsofaffi har yanzu ƙaranci yake yi a ƙasar nan. Cibiya ta farko irin wannan sai a 2012 aka buɗe ta a Asibitin Koyarwa na Ibadan.

Idan kwanciya ta zama dole, a bar fuska ɗaya da ya sani a gefensa dare da rana, a kawo masa tabarau da bargonsa da butarsa, a riƙa gaya masa inda yake da lokacin salla, a taimaka masa ya zauna ya taka in likita ya yarda, a tambaya ko za a iya cire robar fitsari, a kuma nemi sallama da zarar sanadin ya wuce.

## Zaɓi na huɗu: asibitin ƙwaƙwalwa

Akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano, ga kuma sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kimanin kilomita 170 daga Katsina. Likitocin wannan fanni a Nijeriya ba su kai 300 ba, don haka layi da jira na daga cikin kuɗin da za a biya. Amfaninsu mafi girma shi ne ganin likita a dawo gida: su tantance nau'in ciwon, su raba shi da damuwa, su rage magungunan da suka yi yawa, su yanke ko magungunan mantuwa irin su donepezil ko memantine za su taimaka, ko da yake waɗannan ba sa warkarwa, sassauci kawai suke yi ga wasu. Tantancewar na da muhimmanci, domin akwai nau'in cutar mantuwa mai yawan gane-gane da sandarewar jiki wanda haloperidol ke yi wa mummunar illa.

Kwantarwa a nan ta dace ne kawai idan faɗa ya kai ga makami, ko yunƙurin kashe kai, ko gane-ganen da ya hana ci da barci, kuma na makonni, ba na shekaru ba. Tsoho mai rauni a ɗaki ɗaya da matasa masu ƙarfi da ke fama da taɓin hankali ko shaye-shaye yana cikin haɗari, sai a tambayi inda za a kwantar da shi tun kafin a amince. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin marar lafiya da sharuɗɗan kwantar da shi ba da yardarsa ba.

Gidan mari ba ya cikin lissafi. Abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina a Oktoban 2019, mutane a ɗaure da sarƙa, ya isa hujja. Addu'a da tofi ana yin su a gida, a gefen gadonsa, ba tare da duka ko hayaƙi ko hana magani ba.

## Zaɓi na biyar: gidan kula da tsofaffi

Iri biyu ne. Akwai gidan gajiyayyu na gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji, wanda aka yi don marasa galihu, kyauta ko kusan kyauta, amma ba a gina shi don jinyar mai ruɗewa ba. Akwai kuma na kuɗi da ake biya wata-wata, waɗanda galibinsu a Legas da Ibadan da Abuja suke, kuma su ne mafi tsada a cikin zaɓin da za su ɗore. An kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa bisa dokar 2017, ta fara aiki a 2021, amma nauyin binciken kowane gida har yanzu a wuyan iyali yake.

Gida nagari yana da abin da ɗaki a cikin unguwa ba shi da shi: ma'aikata masu karɓa-karɓa dare da rana, fili mai katanga da dattijo zai zagaya ba tare da ya ɓata ba, da mutanen da zagi ba ya yi musu zafi kamar yadda yake yi wa 'ya. Ban ga dalilin aibata wanda larura ta kai shi ga wannan ba. Sai dai ga mutumin Daura ko Katsina matsalar babba ce, domin mai cutar mantuwa yakan rasa harsunan da ya koya daga baya ya koma harshen uwa. Tsohon malamin makaranta da ya yi aiki da Turanci shekara talatin zai wayi gari Hausa kaɗai yake ji, a cikin ma'aikatan da ba sa jin ta, ga baƙon abinci, ga ba mai tuna masa alwala. Nisa kuma yana rage ziyara, kuma wanda ba a ziyarta shi aka fi yi wa sakaci. Duk mai duba irin wannan gida ya je ba sanarwa, ya tambayi ma'aikata nawa ke kwana, yaushe likita ke zuwa, wa ke da ikon ba da maganin barci, ko ana ɗauri, ko an yarda a ziyarta kowane lokaci. In ya tarar da tsofaffi duk suna barci da hantsi, ko warin fitsari ya tare shi tun daga ƙofa, ya juya.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Sabo da mutunci |
|---|---|---|---|---|---|
| Gida, dangi kaɗai | Kaɗan a hannu, mai yawa a ɓoye | Sai an raba aiki | Mai sauƙin farawa | Gajiyar mai jinya, ɓata, wuta | Mafi kyau |
| Gida da mai jinya | Albashi duk wata | Shekaru | Samun nagari da wuya | Sakaci, sata, yawan sauyi | Mai kyau |
| Babban asibiti | Mai yawa a kullum | Kwanaki | Kusa, amma dangi ke jinya | Ƙarin ruɗewa, ɗauri, faɗuwa | Rauni |
| Asibitin ƙwaƙwalwa | Tafiya, gado, magani | Makonni | Nisa da layi | Illar magani, cuɗanya da masu ƙarfi | Rauni |
| Gidan tsofaffi na kuɗi | Mafi tsada | Muddin ana biya | Nisa ƙwarai | Danniya da magani, kaɗaici | Ya danganta da harshe da ziyara |

## Wanne ya dace da wa

Wanda ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ya faɗi, ko zazzaɓi ya kama shi, ko ya daina fitsari, babban asibiti mafi kusa, yau, da niyyar dawowa gida da wuri.

Wanda mantuwarsa ke tafiya a hankali, yana maimaita tambaya yana zargi amma yana barci da dare, kuma gidan akwai manya biyu ko uku da suka yarda su raba kwana, gida ya ishe shi, tare da ganin likita lokaci-lokaci don hawan jini da suga da duba magunguna.

Wanda ke yawon dare, ko fitsari da bayan gida suka ƙwace masa, ko aka bar wa mace ɗaya shi, a ɗauki mai jinya ko da na dare ne kawai. Alamar da za a duba a nan tana jikin matar gidan da ke jinyarsa ne: idan ta rame, tana kuka, jininta ya hau, ko ta fara cewa ba ta san abin da za ta aikata ba, lokaci ya yi, ko da Baba bai ƙara tsanani ba.

Wanda ya ɗauki makami, ko yake cutar da jikoki, ko yake neman hallaka kansa, a fara tabbatar da cewa ba ciwon jiki ba ne, sannan a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, a amince da gajeriyar kwanciya in ya ce, kuma tun yana can a shirya wanda zai karɓe shi a gida.

Gidan kula da tsofaffi na wanda ba shi da kowa ne, ko wanda 'ya'yansa duk suna garin da gidan yake, za su iya leƙa shi a kai a kai, an kuma tabbatar akwai mai jin Hausa a cikin ma'aikata. Tsohon da ba shi da dangi a unguwa kuwa, mai unguwa da liman da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ne za su haɗu su nema masa mafaka.

Duk wanda aka zaɓa, a sake zama a kai bayan 'yan watanni, domin ciwon yana sauya kama. Akwai lokacin da yawo da faɗa za su lafa saboda ƙafa ta daina ɗauka, haɗiya ta yi wuya. A lokacin buƙata ta koma juya shi duk bayan awa biyu don gudun gyambo, ba shi kunu ko fate a zaune a hankali don kada ya shaƙe, tsaftace baki da fata, da samun nas da za ta riƙa leƙowa gida tana duba shi.